Kofin da Kawu Ɗantala Ya Sha

Takardar farashi ta shago tana nan manne a ƙarƙashin takalmin Kawu Ɗantala, 'yar fara ƙarama. Na gan ta ne lokacin da ya ɗaga ƙafa zai shiga mota. Sabon takalmi ya saya saboda wannan fitar, mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana tuƙi a Doha da takalmin fata guda, yana kai shi ɗinki duk lokacin da ya yage. Ya sa farar shaddarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya fesa turare har sai da na ɗan sauke gilashin mota. Ban gaya masa zancen takardar ba. Ni haka nake, ina ganin abu in yi shiru, kuma wannan halin nawa ne ya kai ni inda nake yau.

Ku da kuka saba karanta ni kun san ni. Ga wanda yau ya fara, sunana Na'ima, 'yar Malumfashi, shekarata ashirin da takwas. Digiri na biyu ya kawo ni ƙasar nan, a fannin kimiyyar abinci, wato yadda ake sarrafa abin ci da abin sha a adana shi. Nan da wata huɗu karatun zai ƙare, takardar zamana ma ta ƙare tare da shi. Kawu Ɗantala ƙanin Ummata ne, direba a gidan wani Balarabe, shi kaɗai ne jinina a Doha. Ghali kuma shi ne wanda nake so.

A kasuwar Abu Hamour muka haɗu bara. Na je sayen tumatir na gwaji, mai kayan ya miƙo min wasu duk sun yi laushi, na yi ƙunƙuni da Hausa na ce wannan ko akuya ba za a ba a garinmu ba. Sai na ji an ce daga bayana, akuyar wane gari ce mai wannan jin kan. Na juya na ga dogon mutum da kwali a kafaɗa yana dariya. Kunya ta sa na bar tumatir ɗin da canjina na tafi. Shi ya biyo ni da su har bakin titi.

Da maganar ta kai gida, Abba bai ƙi ba. Ya ce dai shi ba ya ba da 'ya sai da bincike, kamar yadda aka yi wa yayyena. Ya tura wansa Kontagora ya ga gidan su Ghali, aka dawo da labari mai daɗi: mutanen kirki ne, uban ya rasu, uwar tana koyar da yara allo. Saura halinsa a nan da sana'arsa, wannan kuma Abba ya ɗora wa Kawu. A waya ya faɗa, ina ji: abin da Ɗantala ya ce shi ne maganata, in ya ce a karɓi gaisuwa a karɓa, in ya ce a'a an rufe.

Kawu ya yi aikinsa. Ya je masallacin da Ghali yake salla a Al Asmakh ya tambayi ladan. Ya zauna shan shayi da abokan ɗakinsa har sau biyu, ya dawo yana cewa yaron ba ya shan sigari, ba ya fashin Asuba, laifinsa ɗaya minshari. Ya ce wannan kuma ni zan ji da shi. Abu ɗaya ya rage, ya ce sai ya ga da idonsa abin da za a ciyar da ni da shi.

To ga sana'ar. Wasu tsofaffi ne 'yan Italiya, Malam Aldo da matarsa Madam Pina, suke da ɗan shago a Lusail. A ƙasarsu suna da gonar inabi tun ta kakanni, ɗansu yana can yana kula da ita. Daga can suke kawo abin sha na inabi marar barasa, a dogayen kwalabe, suna sayar wa otal-otal da gidajen abinci. Ghali ya fara ne a matsayin direbansu mai kai kaya. Wata rana tsohon ya ba shi kofi ya ce ya faɗi abin da ya ji, Ghali ya ce yana jin ƙanshin ɓawon lemo da na itacen da ruwan sama ya daka. Tsohon ya rungume shi. Tun daga nan ya koma mai zuba wa baƙi yana musu bayani, har suka tafi da shi gonar bara da kaka, sati uku.

Yanzu bari in gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba. Hanya biyu ake yin irin wannan abin sha. Ko a matse inabi a zuba ruwansa a kwalba kamar kowane lemo, ko kuma a bar shi ya tsimu har ya zama giya sosai, sannan a sa shi a inji a cire barasar. Tun ranar da Ghali ya turo min hoton kwalbar na karanta ƙananan rubutun bayanta na san tasu ta biyu ce. Na karanta wannan a aji, har jarrabawa na rubuta a kai. Ban tambaye shi ba. Na gaya wa kaina ai na ji an ce akwai malaman da suka yarda da shi, akwai waɗanda ba su yarda ba, kuma ni wace ce da zan shiga tsakaninsu. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in tambaya ya ba ni amsa.

Ranar Alhamis da yamma na rubuta masa saƙo: "Ka gaya wa Kawu yadda ake yin sa kafin mu zo." Na zauna ina kallon rubutun har wayar ta yi duhu. Na goge. Na rubuta: "Wace abaya zan sa gobe?"

Ya amso nan take: "Wadda Kawu zai gani ya tausaya min."

Na sa ruwan toka mai ɗinkin zare a hannu, da mayafi baƙi. Da safe Umma ta turo saƙon murya na minti huɗu. Ta ce ta riga ta yi wa Anti Rukayatu maganar kayan ɗaki, ta ce matan unguwa sun ishe ta da tambaya ko karatun ne zai aure ni, ta ce in yi fara'a yau, kar in je in zauna kamar an aiko ni ta'aziyya. A ƙarshe muryarta ta yi ƙasa ta ce Abbanku bai yi barcin kirki ba, yana son abin nan ya yiwu fiye da yadda yake nunawa.

Bayan sallar Juma'a muka kama hanya a motar maigidan Kawu. Yana tuƙi yana tsokanata. Dakta yake ce min tun ranar da na sauka a ƙasar nan, duk da na sha gaya masa ban kai can ba.

"Dakta, yau in yaron nan ya ba ni abu marar daɗi na fasa ba shi ke. Zan nemo miki ɗan Sudan mai sayar da shayi."

Na ce to Kawu.

"To Kawu, to Kawu. Haka za ki je gidan miji da to kawai? Yalla, yi dariya mana, mutane su san ba sato ki na yi ba."

Na yi dariyar. Hannuna yana cikin jaka yana murza carbi.

Shagon siriri ne, tsakanin wani mai aski da gidan wanki. Kana shiga sanyi ya tare ka, da ƙanshin burodi. Kwalabe a kwance a kan katako har sama, dogon tebur ɗaya a tsakiya da farin mayafi, bango cike da hotuna. Madam Pina gajeruwa ce mai farin gashi, ta kama fuskata ta sumbaci kumatuna biyu kamar ta san ni. Ta miƙa wa Kawu hannu, ya dafe ƙirji ya rusuna, ita ma ta yi sauri ta dafe nata tana dariya. Ghali ya fito daga ciki da farar riga da baƙin ƙyalle ɗaure a ƙugu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Kawu. Malam Aldo ya leƙa ƙarƙashin tebur ya tambaya da Turanci ko wani abu ne ya faɗi.

Kawu Larabcin titi yake ji, Turancinsa bai wuce na hanya da na gaisuwa ba. Don haka Ghali ne ya zama tafinta.

Da Kawu ya zauna ya ɗaga kai ya bi kwalaben da kallo, fuskarsa ta ɗan canja. Ya ce wa Ghali waɗannan ai siffar kwalaben mutanen banza gare su. Ghali ya ɗauko ɗaya da hannu biyu ya nuna masa inda aka rubuta sifili, ɗigo, sifili. Kawu ya ciro tabarau ya duba, sannan ya turo min.

"Dakta, ke kika yi boko. Me aka ce?"

Na ce an ce babu barasa a ciki.

Gaskiya na faɗa. Ina so ku riƙe wannan, domin ni ma shi nake ta riƙewa: abin da aka rubuta a gaban kwalbar na karanta. Babban yatsana yana kan rubutun baya.

Kawu ya ce khalas, shi ke nan, ya yi bisimilla.

Kala uku aka kawo, fari da ja-ja da ja sosai, kowanne da kofinsa mai doguwar ƙafa. Madam Pina ta jera burodi da zaitun da cuku yanka-yanka. Malam Aldo ya tsaya yana nuna yadda ake yi: a riƙe kofin ta ƙafa kar zafin hannu ya taɓa shi, a ɗaga a kalli launin a haske, a juya shi a hankali, a sa hanci, sannan a kurɓa kaɗan. Kawu ya bi shi tiryan-tiryan da fuskar ɗalibi, ya juya kofin har ya fantsala wa mayafin tebur. Ya ce ko zoɓon amarya ba a yi masa wannan hidimar. Ghali ya fassara, tsohon ya tambayi mene ne zoɓo, aka ɓata minti biyar ana bayani, har Madam Pina ta sa na rubuta mata sunan a takarda.

Farin bai yi wa Kawu ba. Ya ce tsamiya ce aka manta ba a sa mata sukari ba. Na biyun ya ce na mata ne. Da aka zo kan jan, ya kurɓa, ya ɗauki cuku ya haɗa kamar yadda aka nuna masa, ya sake kurɓa. Sai ya shanye kofin gaba ɗaya ya miƙa wa Ghali.

"Ƙaro. Wannan na manya ne."

Malam Aldo ya tafa hannu. Ni nawa kofin yana gabana, na kai shi baki sau biyu ban bari ya wuce leɓena ba. Ba wanda ya lura. Ina kallon maƙogwaron Kawu yana motsi, ina ji kamar ni ce nake ɗura masa.

Amma ku gane, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki haka ba. Mutum ne da kullum yake tsaye a bakin ƙofar wasu yana jira, yau shi ne a zaune ana zuba masa, Bature yana tambayar ra'ayinsa. Ya ba su labarin gonar rake ta mahaifinsa. Ya ce wa Ghali in an yi biki a kawo kwali biyu na wannan jan Malumfashi, a ga yadda 'yan ƙauye za su yi da kofi mai ƙafa. Da Ghali ya shiga ciki ɗauko wata kwalbar, Kawu ya matso ya rage murya ya ce min yaron yana da ladabi, kuma mutanen nan suna ganin girmansa, ba kamar bawa suka ɗauke shi ba. Ya ce yau zai kira Yaya, wato Abba, kafin Magariba.

Na ce a raina, shi ke nan, Allah Ya rufa asiri, mu tashi haka.

Ghali ya dawo ya buɗe sabuwar kwalba. Kafin ya zuba wa kowa ya ɗan zuba wa kansa, ya shaƙa, ya kurɓa, ya juya shi a baki, sannan ya sunkuya ya tofar a wani ɗan bokitin ƙarfe da ke gefen tebur. Bai ma san ya yi ba, jikinsa ne ya saba. Kawu ya tsaya da tauna. Ya tambaye shi dalilin da zai tofar da abin da Allah Ya ba shi. Ghali ya ce haka aikin yake, in mutum yana haɗiye duk abin da ya ɗanɗana cikinsa zai cika kafin azahar. Kawu ya gyaɗa kai. Ni na san asalin dalilin da masu wannan sana'a suke tofarwa, wato don kar su bugu, kuma na san ba a kan abu marar barasa ake koyon sa ba.

Daɗin da Malam Aldo ya ji ne ya kashe mu. Ya kama hannun Kawu ya ja shi gaban hotuna. Ga kakansa da jaki da kwanduna. Ga gonar a kan tudu, layi-layi. Ga wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa cike da manyan gangunan katako, ga Ghali a tsakiyarsu da rigar sanyi, kofi a hannu, yana murmushi.

Tsohon ya fara magana, hannuwansa suna tashi sama. Ya ce wasu kamfanoni ruwan inabi da sukari suke ɗurawa su kira shi da babban suna, su kuwa ba sa ha'inci. Ya ce nasu giya ce ta gaskiya, yadda kakansa yake yi, wata takwas a ganga, sai ta kai sannan su sa ta a inji a zare barasar a hankali don kar ɗanɗanon ya mutu. Ya dafa kafaɗar Ghali ya ce wannan yaron harshensa kyauta ce daga Allah. Ya ce a ɗakin nan yaron ya ɗanɗana ganga goma sha biyu kafin a kai su inji, ya zaɓi ɗaya, kuma ita ce wannan da baƙonmu ya sha ya yaba. Ya ɗaga yatsa ya rantse cewa ko ɗigo yaron bai haɗiye ba, shi shaida ne, yana girmama addininsa.

Yana gamawa ya kalli Ghali yana jiran a fassara, fuskarsa cike da alfahari.

Ghali ya ce, "Ya ce a nan ake ajiye shi har ya yi daɗi, kuma ni na taya su zaɓa."

Kawu ya kalli hoton, ya kalli tsohon, ya kalli Ghali. Ya ce tsohon nan ya yi maganar da ta kai tafiya daga nan zuwa Abu Hamour, kai kuma ka kawo min ita a cikin cokali. Da wasa ya faɗa, har da ɗan murmushi. Sai ya ga Ghali bai yi dariya ba. Murmushin ya tafi.

"Na'ima."

Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

"Ke faɗa min abin da ya ce. Duka."

Masu karatu, na san abin da wasunku za su rubuta min a ƙasa. Za ku ce da na rage, da na ce abin da Ghali ya ce, ai ba wanda zai sani. Na yi wannan tunanin, a tsaye a wurin, Ghali yana kallona da idon da ban taɓa gani ba, ba ya ko ƙiftawa. Wata huɗu ne suka rage min. Umma ta riga ta yi maganar kayan ɗaki. Amma shiru daban, ƙarya daban, kuma ni shirun kawai na iya. Kawu ya cire tabarau yana jirana kamar yadda mutum yake jiran likita.

Na faɗa. Na fara daga sukari da ha'inci, na bi ta wata takwas, na zo kan inji, na zo kan ganga goma sha biyu. Har rantsuwar tsohon na fassara, na ma maimaita ta, ko za ta taimaka. Muryata tana fita kamar ta wata. Malam Aldo yana gyaɗa kai yana murmushi duk lokacin da ya ji na ambaci sunan Ghali.

Kawu bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Kafin injin, mene ne a cikin gangar?"

"Giya ce, Kawu."

"Wadda in mutum ya sha zai bugu."

"E."

"Yaushe kika sani?"

Na ce tun kafin mu zo. Ya ce tun yaushe. Na ce tun bara.

Ya juya ga Ghali ya tambaye shi ko ya sa ta a bakinsa. Ghali ya ce ya tofar, wallahi ya tofar, kowace kurɓa, kuma ya kurkure baki bayan kowace ganga. Ya ce wannan da ke kwalba babu komai a cikinta, an gwada, akwai takarda. Ya ce shi ma abin ya dame shi da farko, ya je ya tambaya, wani malami ya ce masa in barasar ta fita hukuncin ya canja, wani kuma ya ce a'a, shi ya bi na farkon. Yana magana da sauri, Hausarsa tana haɗuwa da Turanci, hannunsa yana murza ƙyallen ƙugunsa.

Kawu ya bari har ya gama.

"Ban tambaye ka malamai ba. Wataƙila malaminka yana da gaskiya, ni ba malami ba ne. Amma da ka tare ni a bakin ƙofar can ka gaya min, da ni na zaɓa wa kaina, in sha ko in bari. Shekarata hamsin da shida. Na kai baƙin maigidana otal ba adadi, ko kwalbar ban taɓa yarda na riƙe musu ba. Yau na yi bisimilla na sha kofi biyu, na ce a ƙaro." Ya ɗan tsaya. "Kai neman aure kake, na san abin da ya rufe maka baki. Ita kuma da na ba ta ta karanta min..."

Bai ƙarasa ba. Ya tambayi Madam Pina da Larabci inda ruwa yake. Ba ta jin Larabci amma ta gane, ta nuna masa wata 'yar ƙofa a baya.

Shagon ƙarami ne, ana jin komai. Famfo ya buɗe. Muka ji yana kurkure baki yana zubarwa, yana sakewa. Na ƙirga har bakwai na daina ƙirgawa. Malam Aldo ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko wani abu ya faɗa ba daidai ba, shi yabon yaron yake yi. Matarsa ta yi masa magana da yarensu a hankali, ta fara kwashe kofunan tana jera su a faranti ba tare da sun yi ƙara ba. Tsohon ya zauna a kujera ya dafe kai.

Ghali ya matso kusa da ni, bai kalle ni ba.

"Da kin rage, Na'ima."

"Da ka faɗa."

"Ke ma kin sani. Shekara guda kin sani, ba ki ce min komai ba."

Ya ce in Kawu ya ce ya bar aikin fa, me zan ce. Ya ce mutanen nan su ne kafil ɗinsa, takardar zamansa a hannunsu take. Ya ce shekara shida yana ɗaukar kwali a ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayarsa sunan garinsu, sai wannan tsohon da ya ce masa yana da wani abu da ba kowa ke da shi ba. Ya ce in gaya masa gaskiya, ni kaina ina ƙyamar abin ko ba na yi. Ya kalli kofina da ke cike har yanzu, Madam Pina ba ta kai ga ɗauka ba. Bai sake tambaya ba.

Wayata ta yi motsi a jaka. Umma ce: "Yaya ake ciki? Abbanku ya dawo daga masallaci ya zauna da waya a hannu." Kafin in rufe wani saƙon ya shigo: "Ya ce bari shi ya kira Ɗantalan, ya gaji da jira."

Famfon ya tsaya.

Kawu ya fito da hula a hannu, gaban shaddarsa ya jiƙe har ciki, gemunsa yana ɗiga. Idonsa ya yi ja, ban sani ba ko ruwan ne. Na miƙe na ɗauki jakata na ce Kawu, ban san me zan ɗora a kai ba. Ghali ya sake durƙusawa a inda yake. A cikin aljihun shaddar waya ta fara ƙara, irin ƙarar kiran gida, tana yi tana sakewa.

Bai ciro ta ba. Ya sa hularsa ya gyara mata zama da hannu biyu. Ya tsaya gaban Malam Aldo ya dafe ƙirji ya ɗan rusuna, ya yi wa Madam Pina haka. Sannan ya bi ta tsakanina da Ghali, gefen rigarsa ya taɓa hannuna, bai dubi ko ɗayanmu ba. Ya buɗe ƙofar gilashin, zafin waje ya shigo, ya ja ta a hankali har ta rufe, wayar tana ta ƙara a aljihunsa.